Gani Ya Kori Ji? Yadda Tsofaffin Takardu Suka Bi Sawun Iyalin Equiano

 Da yawa daga cikinmu na da burin rubuta tarihin gidansu, ko gina labari a kan wani kaka da suke jin sunansa a bakin tsofaffi. Shawarar da aka fi ba mai wannan buri ita ce ya nemo takarda, domin gani ya kori ji. Shawara ce mai kyau, sai dai da sauranta. Wanda ya rubuta takardar nan, shi ma sau da yawa ji ya yi ya rubuta, kuma ba don kai ya rubuta ba, don wata buƙata ce ta zamaninsa. Misalin da zan kawo daga Ingila yake, ƙasar da masu bin salsala suka fi dogara da abubuwa uku: rajistar coci, takardun wasiyya da tsofaffin jaridu. Iyalin da za mu bi sawunsu kuwa na wani marubuci ne, Olaudah Equiano.

Inda takardun suka samo asali

A shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, babban wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarnin kowace gundumar coci a Ingila ta ajiye littafi, a riƙa shigar da duk wanda aka yi wa baftisma, da duk auren da aka ɗaura, da duk wanda aka binne. Wajen ƙarshen ƙarnin aka ƙara da cewa a kwafe tsofaffin littattafan a kan jemammiyar fata don kada su ruɓe, kuma duk shekara a aika wa bishop kwafi. Daga 1754 doka ta wajabta ango da amarya da shaidu su sa hannu a rajistar aure, wanda bai iya rubutu ba ya yi alama. Gwamnati ba ta buɗe tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai ranar 1 ga Yuli 1837. Ke nan kusan shekara 300 littafin coci ne kaɗai wurin da sunan talakan Ingila ke da tabbacin shiga.

Abin lura shi ne, limamin coci ba haihuwa yake rubutawa ba, baftisma yake rubutawa. Ana iya yi wa jariri ita yana ɗan kwana uku, ana iya yi wa mutum yana da gemu. Ga kuma tarkon kalanda: kafin 1752, shekarar Ingila a hukumance tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka abin da aka rubuta Fabrairun 1740, a lissafinmu na yau Fabrairun 1741 ne. A watan Satumban 1752 kuma aka tsallake kwana 11, aka kwanta ranar 2 ga wata aka tashi ranar 14.

Wasiyya ma a hannun coci take. Har zuwa Janairun 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyyar mamaci, su ba wasiyyinsa izinin raba dukiya. Babbar cikinsu ita ce ta Canterbury, wadda kundayenta ke ajiye yanzu a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. Wasiyya ta fi rajistar coci baki, domin a cikinta mutum ke lissafa 'ya'yansa da surukansa da gonakinsa da waɗanda yake bi bashi. Amma ta masu abin hannu ce. Wanda bai bar komai ba, babu abin da zai kai shi kotu, matar aure kuma a dokar wancan lokaci ba ta yin wasiyya sai da yardar mijinta. Ita kuwa jarida tana kawo abin da waɗancan biyu ba sa kawowa: sanarwar aure da rasuwa, shari'a, karayar jari, cigiyar bawan da ya gudu, har da tsegumi da ƙazafi.

Mutumin da ke da suna biyu

A 1789 aka buga wani littafi a Landan wanda ake taƙaita sunansa da The Interesting Narrative, tarihin rayuwar marubucinsa. A ciki ya ce an haife shi a 1745 a wani gari Essaka na ƙasar Ibo, aka sace shi tare da 'yar uwarsa yana kimanin shekara 11, aka raba su a hanya, aka tsallaka teku da shi zuwa Barbados, daga nan Virginia. Can wani laftanar na sojan ruwan Birtaniya, Michael Henry Pascal, ya saye shi, ya raɗa masa Gustavus Vassa, sunan wani tsohon sarkin Suwidin. Bayan an sake sayar da shi ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa, Robert King, a tsibirin Montserrat, inda ya yi ta 'yan saye da sayarwa har ya tara fam 40 ya fanshi kansa a 1766. Littafin ya karɓu ƙwarai, an yi masa bugu tara marubucin yana raye, kuma ya zama makami a hannun masu yaƙi da cinikin bayi, domin ga wanda ya kwana a cikin jirgin bayi yana ba da labari da bakinsa.

Darasi na farko yana cikin sunan. Duniya ta san shi da Equiano, amma wanda ya shiga kundayen Ingila yana neman wannan suna zai fito hannu rabbana. A rajistar baftisma, da ta aure, da wasiyya, da ta binnewa, duk Gustavus Vassa ne, 'ya'yansa ma Vassa suke amsawa. Akawuna kuma kowa da yadda kunnensa ya jiye masa, wani ya rubuta Vasa, wani ya rubuta abin da ya fi haka nisa.

Layi ɗaya da ya tayar da ƙura

Kusan shekara 200 ana karanta littafin a matsayin shaidar ɗan Afirka. Sai wani farfesan adabin Ingilishi a Jami'ar Maryland ta Amurka, Vincent Carretta, ya ɗauki littafin yana gwada kowace magana da takardun zamanin. Yawancin abin da ya duba ya dace: jiragen da Equiano ya ce ya yi aiki a cikinsu, yaƙe-yaƙen da ya ce ya gani, mutanen da ya ambata. Amma takardu biyu suka saɓa.

Ta farko rajistar cocin St Margaret ce da ke Westminster a Landan. Ranar 9 ga Fabrairu 1759 an shigar da baftismar Gustavus Vassa, baƙar fata, ɗan shekara 12, haifaffen Karolina, wato ɗaya daga cikin yankunan Amurka da ke ƙarƙashin Birtaniya a lokacin. Ta biyu rajistar ma'aikatan jirgin ruwa ce mai suna Racehorse, wanda ya yi tafiyar bincike zuwa yankin ƙanƙara na arewacin duniya a 1773, tafiyar da Equiano ya ba da labarinta. A ciki akwai wani Gustavus Weston, ɗan shekara 28, haifaffen Karolina ta Kudu, wanda Carretta ya ce shi ne mutumin namu. Bayanan zirga-zirgar jirage kuma sun nuna ya iso Ingila a Disambar 1754, ba 1757 ba kamar yadda littafin ya ce. Carretta ya fitar da wannan bincike a 1999, ya faɗaɗa shi a littafin tarihin Equiano da ya buga a 2005. Bai ce ya kama shi da ƙarya ba, ya dai ce akwai dalilin shakka. Amma abin da ke tattare da shakkar ba ƙarami ba ne: idan a Karolina aka haife shi, to labarin ƙauyen Ibo da na cikin jirgin bayi, wanda ake koyarwa a makarantun duniya, ji ne ba gani ba.

Wanda ya fi fitowa ya ƙalubalance shi shi ne Paul Lovejoy na Jami'ar York a Kanada, masanin da ɗaliban tarihi a ƙasar Hausa suka sani saboda bincikensa kan fataucin goro da bauta a Daular Sakkwato. Tambayarsa mai sauƙi ce: wa ya faɗa wa limamin coci cewa a Karolina aka haifi yaron? A 1759 Vassa yaro ne, bawa, a ƙasar da ba tasa ba. Manya ne suka kai shi, cikinsu har da Mary Guerin, 'yar uwar ubangidansa, wadda ta tsaya masa a baftismar. Mai yiwuwa su ne suka amsa tambayar, shi kuwa limamin ba tarihi yake rubutawa ba, cike gurbi yake yi.

Wannan amsa ta yi wa takarda ta farko, amma ba ta gama da ta biyu ba, domin a 1773 Vassa baligi ne mai 'yanci, kuma bisa al'ada matuƙi ne ke faɗa wa akawu garinsu. Masu goyon bayan littafin suna cewa sunan da ke rajistar ma ba daidai yake ba, kuma baƙar fata mai yawo a teku a zamanin da ake iya kama shi a sake sayarwa yana da dalilin zaɓar abin da zai faɗa wa hukuma. Masu shakka suna cewa takardu biyu da shekara 14 ke tsakaninsu, a hannun akawuna biyu da ba su san juna ba, sun faɗi wuri ɗaya, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Abin da jarida ta ƙara

Nan ne jarida ta shigo. A ƙarshen Afrilun 1792, daidai lokacin da majalisar Birtaniya ke muhawara kan hana cinikin bayi, jaridun Landan biyu, Oracle da Star, suka buga cewa Vassa bai taɓa taka Afirka ba, a tsibirin Santa Cruz da ke hannun Denmak aka haife shi. Mai karatu na gaggawa zai ce ga shaida ta uku. Amma a duba da kyau. Jaridun ba su ce Karolina ba, wani wuri dabam suka ambata, kuma sun buga ne a makon da masu cin ribar bauta ke neman duk abin da zai zubar da mutuncin shaidunsu. Irin wannan labari yana gaya mana abin da abokan gaba suke so a yarda da shi, ba lallai abin da ya faru ba.

Equiano bai yi shiru ba. A bugun littafinsa da suka biyo baya ya sa martani a farko, ya lissafa mutanen da ke raye waɗanda ya ce sun san shi tun isowarsa Ingila, lokacin da ba ya jin wani harshe sai na Afirka. Cikin sunayen akwai wata Misis Baynes. Wannan mata ita ce Mary Guerin, aure ne ya sauya mata suna. Wato matar da ta tsaya a coci ranar da aka rubuta Karolina, ita ce ya kira a bainar jama'a ta shaida cewa daga Afirka ya zo. Wanda ya tsaya a rajistar coci kaɗai ba zai ga wannan ba, wanda ya tsaya a jarida kaɗai ma haka. Sai an jera su, an kuma gane cewa Guerin da Baynes mutum ɗaya ce. Har yau masana ba su rufe wannan muhawara ba, kuma mai gaskiya a cikinsu yakan kawo hujjar ɓangarorin biyu kafin ya faɗi inda ya karkata.

Inda takardu suka yi magana da murya ɗaya

Idan aka bar haihuwarsa aka bi zuriyarsa, sai hanya ta miƙe. Rajistar cocin St Andrew a garin Soham, yankin Kambirij, ta nuna ranar 7 ga Afrilu 1792 ya auri wata Baturiya, Susannah Cullen, aka kuma bayyana shi a matsayin ɗan Afirka. Ko nan sai an yi hattara, domin a bakin Turawan lokacin wannan kalma tana iya nufin kowane baƙar fata. Sun haifi 'ya'ya mata biyu, Anna Maria a 1793 da Joanna a 1795. Susannah ta rasu a Fabrairun 1796. Wata uku bayan haka, ranar 28 ga Mayu, ya rubuta wasiyyarsa, ya kuma rasu ranar 31 ga Maris 1797. Rajistar maƙabartar cocin Whitefield a Landan ta ba shi shekara 52, abin da ya dace da 1745 ɗin da ya faɗa.

Wasiyyar ta nuna mutumin da littafin bai gama nunawa ba. Wanda aka taɓa sayarwa kamar kaya ya mutu yana da kuɗi, da hayar wani babban gini a Landan, da fili a yankin Kambirij ta wajen dangin matarsa. Ya naɗa amintattu biyu, John Audley da Edward Ind, su riƙe dukiyar har 'ya'yan su kai shekara 21. Ya kuma ce idan duka biyun suka rasu kafin nan, a raba biyu, rabi ga makarantar da kamfanin Saliyo ya kafa, rabi ga wata ƙungiyar mishan. Wannan sharaɗi ba ya tabbatar da inda aka haife shi, amma yana nuna inda zuciyarsa take a lokacin da ba ya neman sayar da littafi.

Anna Maria ta rasu a Yulin 1797, ba ta cika shekara huɗu ba, wata huɗu bayan mahaifinta. Akwai allon tunawa da ita a jikin bangon cocin St Andrew na Chesterton a Kambirij. Joanna ta rayu, ta karɓi fam 950 a 1816 da ta cika 21, kuɗi mai kauri a wancan zamani. A 1821 ta auri wani limamin coci, Henry Bromley, suka daɗe a ƙauyen Clavering, ta rasu a Maris 1857, aka binne ta a maƙabartar Abney Park a Landan. Babu wata rajista da ta nuna ta haihu. A iya abin da takardu suka nuna, zuriyar ta tsaya a kanta.

A lura da bambancin. Aure, gado da mutuwa abubuwa ne da marubucin takardar ya gani da idonsa, ga shaidu, ga sa hannu, ga kuɗin da za a yi shari'a a kansu idan an yi kuskure. Wurin haihuwa da shekaru kuwa faɗa masa aka yi. Takarda ɗaya tana iya ɗauke da gani da ji a layi guda, aikin mai bincike ne ya raba su.

Waɗanda ba su shiga littafi ba

Akwai kuma waɗanda babu su ko'ina. 'Yar uwar da ya ce an sace su tare, ko sunanta bai faɗa ba, kuma babu cocin da ya rubuta ta, babu kotu, babu jarida. A 1989 wata masaniya 'yar Najeriya, Catherine Acholonu, ta bi ta hanyar tarihin baka, ta ce Essaka ita ce Isseke ta jihar Anambra ta yau, har ta gano danginsa. Masana tarihi da dama ba su gamsu ba, domin lissafinta ya buƙaci wasu kakanni su yi tsawon rai fiye da yadda hankali zai ɗauka. Ke nan baki ma, kamar takarda, sai an auna shi.

Miliyoyin da aka tsallaka da su teku ba su rubuta littafi ba. A jihar Bahia ta Birazil, inda aka kai Hausawa da yawa a farkon ƙarni na 19, sukan bayyana a rajistar baftisma da sunan Fotugis da aka laƙaba musu, sai a ƙara kalmar Ussá ko Aussá, wato Bahaushe. A takardun rabon gado kuma ba a cikin magada ake samun su ba, a cikin dukiya ake lissafa su, kowa da kuɗin da aka yi masa. Sunan da uwa ta raɗa ya ɓace, sunan gari ya ɓace, sai kalma ɗaya da akawu ya ga tana da amfani ga mai saye.

Ga mai son gwadawa

Mu a nan ba mu da littafin da ya yi shekara 400 yana rubuta kowane jariri, amma ba a ce ba mu da komai ba. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da rahotannin gundumomi da takardun haraji na zamanin Turawa, Gidan Arewa ma yana da nasa tarin. Akwai littattafan kotunan alƙalai, inda shari'ar gado ke lissafa matan mamaci da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Akwai rajistar tsofaffin makarantu, da ta cocin mishan irin na Wusasa. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, da New Nigerian daga 1966. Tarkon suna kuma yana jiranmu kamar yadda ya jira masu neman Equiano. Kakan da gida ya sani da laƙabi, da sunan yanka alƙali ya rubuta shi, makarantar boko kuma ta manna masa sunan garinsu, kamar yadda muka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. Shekarun haihuwa kuwa sau da yawa malamin makaranta ne ya dubi tsayin yaro ya yanke.

Saboda haka duk takardar da ta zo hannunka, 'yar uwa ko ɗan uwa, yi mata tambaya huɗu kafin ka kwafe ta. Wa ya rubuta? Wa ya faɗa masa? Don me aka rubuta? Shekara nawa tsakanin faruwar abin da rubuta shi? Sannan ka nemo mata abokiya daga wani wuri dabam, ka kuma kai ta gaban tsohuwar gidanku tun tana raye, ka ji abin da za ta ce. Idan suka dace, ka rubuta da ƙarfin gwiwa. Idan suka saɓa, kada ka ɓoye wadda ba ta yi maka daɗi ba, ka kawo duka biyun ka bar mai karatu ya gani. Idan ƙagaggen labari kake rubutawa, kana da damar cike giɓin da tunaninka. Idan kuwa ka kira shi tarihi, giɓin ma yana cikin abin da za ka faɗa, domin jikokin da za su karanta ka nan da shekara 50 za su ɗauki naka rubutun a matsayin gani.